Fuskar Mai Tsaron Gida da Mas'alar Tawakkali

Daga cikin mas'alolin da malamanmu suka daɗe da warwarewa a zaure, amma har yau suka ƙi warwaruwa a tasha da bakin kasuwa, akwai mas'alar tawakkali da riƙo da sababi, watau ko wanda ya yi wa jikinsa kariya daga haɗari ya rage wani abu daga dogaronsa ga Allah. A nan Achika da sauran garuruwan ƙasar Wudil jama'a sun riga sun yanke nasu hukuncin, domin za ka ga ɗan acaɓa ya goyo mutum biyu da buhu zuwa kasuwar Juma'a ta Wudil, kansa ba hular kwano, in ka yi masa magana ya ce da kai, "Malam, ai kwana in ya ƙare, ya ƙare." Maganar tasa gaskiya ce, sai dai an ajiye ta a inda ba muhallinta ba. Kuma a nawa ganin, abin da yake hana shi sa hular sau da yawa tsoron dariyar abokan sana'a ne, wanda aka yi wa lulluɓi da sunan imani.

Abin da ya ƙara tabbatar mini da haka shi ne labarin wasu mutane da ba su taɓa zama gaban malami ba. A ƙasashen sanyi kamar Kanada akwai wasan hoki na kan ƙanƙara, inda 'yan wasa suke zamiya da takalma masu ƙarfe a ƙasa, suna bugun wani ɗan faifan roba daskararre da sanduna. Nauyin faifan bai wuce giram 170 ba, amma bugun ƙarfafan cikinsu yakan kai shi gudun kilomita 160 a awa, mai tsaron gida kuwa aikinsa ke nan ya tsaya a gaban raga ya tare shi da duk abin da Allah Ya hore masa. Shekara da shekaru masu wannan aiki suna yin sa da fuska a buɗe, ana fasa musu hanci, ana zubar musu da haƙora, a ɗinke su a bayan fili su dawo, jama'a na tafi suna kiran wannan jarunta.

Ran 1 ga Nuwamba 1959, a birnin New York, bugun wani ɗan wasa mai suna Andy Bathgate ya tsaga fuskar Jacques Plante, mai tsaron gidan ƙungiyar Montreal Canadiens. Da aka gama ɗinke shi, sai ya ce wa mai horar da su, Toe Blake, shi fa ba zai koma ba sai da marufin fuskar da yake sawa wajen atisaye, wanda Blake ya hana shi shiga gasa da shi. Da yake a lokacin ƙungiya ba ta ajiye mai tsaron gida na biyu a gefe, ala tilas aka ƙyale shi. Ya fito da jini a rigarsa, fuskarsa cikin wani farin marufi mai ramukan ido, suka ci wasan uku da ɗaya. Duk da haka ba a rasa masu kiransa matsoraci ba. To, mai karatu ya lura, waɗannan mutane ba su kafa hujja da ƙaddara ba, amma cutar da ke damunsu ita ce tamu: kada a ce wane ya ji tsoro. Malamai suna da sunan aikin da ake yi ko ake bari don idon mutane, suna kiransa riya da sum'a, kuma ban san dalilin da zai sa riya ta zama abin zargi a salla ta koma abin yabo a kan babur ba.

In da barin kariya cikar tawakkali ne, da wanda ya fi kowa tawakkali ya riga mu bari. Alhali kuwa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya fita Uhudu a shekara ta 3 bayan Hijira da sulke biyu a jikinsa, ya kuma shiga Makka ranar buɗe ta da kwalkwali a kansa. Sayyadina Umar ya juya da jama'arsa daga hanyar Sham sa'ad da ya ji labarin annoba, da Abu Ubaida ya tambaye shi ko gudun ƙaddara yake yi, ya nuna masa cewa juyawar ma tana cikin ƙaddara. Kakanninmu ma ba su jahilci wannan ba: tarihin Kano ya ce a zamanin Sarki Kananeji, wajen 1390 zuwa 1410, aka shigo da lifidi da kwalkwali da sulke, kuma har gobe in 'yan lifida suka wuce ranar hawan salla ba wanda yake ce musu ragwaye. Amma mu jikokinsu, da aka tsananta dokar hular kwano a farkon 2009, sai aka ga wasu a Kano sun kifa ƙwarya a ka don su yi wa dokar ba'a, kamar dai kan da za a fasa na hukuma ne.

Sai dai adalci ya wajabta a faɗi ɗaya ɓangaren, domin nan ne mas'alar take da zurfi. Sababi ba ya tunkuɗe abin da aka rubuta. A Uhudun nan, da sulken da kwalkwalin, an ji wa Annabi rauni a fuska, har zobba biyu na kwalkwalin suka nutse a kumatunsa mai albarka. A 1989 wani mai tsaron gida, Clint Malarchuk na ƙungiyar Buffalo, yana sanye da marufinsa, ƙarfen takalmin wani ya yanke shi a wuya, jini ya malala a kan ƙanƙara, ya tsira ne da ikon Allah ta hannun wani ma'aikacin ƙungiyar da ya taɓa jinyar sojoji a fagen yaƙi, wanda ya danne jijiyar da yatsunsa. Ko gwanin gwanaye a wannan sana'a, cikin bugu goma kusan ɗaya yakan wuce shi. Saboda haka mai tsaron gida na ƙwarai yakan ɗaura kowane kaya, ya karanci kowane ɗan wasa, sa'an nan ya tsaya da sanin cewa hukuncin ƙarshe ba a hannunsa yake ba. Gaɓoɓinsa suna aiki da sababi, zuciyarsa ba ta jingina da shi ba, kuma wannan rabon aiki shi ne abin da malamai suke nufi da tawakkali. Wanda ya bar sababi ya yi sakaci da amanar rai, wadda kiyaye ta tana cikin manyan maƙasudan shari'a, balle ran fasinjan da ya goyo, wanda ba a shawarce shi ba.

Akwai wani abin da ya sa maganar Plante ta ci: ya yi ta ne yana kan ganiyarsa, bayan ƙungiyarsa ta ɗauki kofin Stanley, wato kofin zakarun babbar gasar hoki, shekara huɗu a jere yana tsaron gidanta, don haka zargin tsoro bai kama shi ba. Da wani yaro sabon shiga ne ya yi, da an kore shi. Haka nan a Achika, yaron da ya karɓi babur jiya ba zai iya jure dariyar tasha shi kaɗai ba. Nauyin yana kan liman da dagaci da shugabannin 'yan acaɓa da manyan masu fito a kogin Wudil, su fara sa hular da rigar ruwa a idon jama'a, su kuma yi haƙuri da jinkirin mutane, domin ko a wasan hokin nan sai a 1974, shekara 15 bayan Plante, mai tsaron gida na ƙarshe ya buga babbar gasarsu da fuska a buɗe.