Ciwon Ƙoda: Amanar Jiki da Haƙƙin Ɗan'uwa

 

Ya 'yan'uwa, da yawanmu mun lura akwai wani bawan Allah ɗan sahun farko, mai sayar da hatsi, da ya yi wata biyu ba mu gan shi a sallar Asuba ba. Ƙodarsa ce ta gaza, yanzu wankin ƙoda ake yi masa. Da izininsa muke wannan magana, shi ne ma ya ce a faɗa wa jama'a kada wani ya yi sakacin da ya yi.

Ƙoda biyu Allah ya ba mu, aikinsu tace jini dare da rana, su fitar da datti da ruwan da ya yi yawa ta fitsari. Abin tsoron shi ne suna lalacewa ne shiru, ba ciwo ba zazzaɓi. Kafin ƙafa da fuska su fara kumbura, fitsari ya riƙa kumfa, ga kasala da tashin zuciya, sau da yawa ɓarna ta yi nisa. Manyan masu jawo ta su ne hawan jini da ciwon suga. 'Yan'uwanmu da suka fito daga Gashuwa da Haɗeja sun san yadda cutar nan ta cinye gidaje.

Mu 'yan kasuwa kuwa muna da namu laifin. Mutum ya wuni a rumfa, bayansa na ciwo, sai ya aiki yaro kemis a sayo Diclofenac ko Ibuprofen, yau da gobe har shekara. Ga jiƙe-jiƙen da ake tallarsu da lasifika a tasha, kwalba ɗaya wai tana maganin basir da shawara da sanyi, ba wanda ya san abin da ke ciki. Ba mu ce duk maganin gargajiya sharri ba ne, amma Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, da ya umurce mu da neman magani, ai bai ce mu sha abin da ba mu sani ba. Ga FMC nan Keffi, a je a auna jini, a gwada suga da fitsari, musamman wanda ya haura arba'in.

Shi wankin ƙoda, na'ura ce ke janyo jini ta tace ta mayar. Yadda likitoci ke so, sau 3 a mako, kowane zama kamar awa 4. Ba ya warkar da ƙodar da ta mutu, riƙe rai yake yi, sai dai in an samu dashe, irin wanda Asibitin Malam Aminu Kano ke yi. Masu jinya a gida, musamman iyayenmu mata, a kiyaye: a rage gishiri da magi, ruwa sai gwargwadon abin da likita ya ƙayyade, ko da mara lafiya ya roƙa. Hannun da aka haɗa wa jijiya don wankin, ba a auna jini a kansa, ba a ɗibar jini, ba a ɗaukar kaya da shi. Ku 'ya'yanmu nas-nas, ku yi wa mutane bayanin nan da Hausa, cikin haƙuri, don dattijo zai ce ya gane alhali kunya ce ta hana shi tambaya.

Game da azumi, Allah ya yi wa mara lafiya rangwame a Suratul Baƙara, aya ta 184 da 185. Kada wani ya tsallake ranar wanki don azumi. Sallah kuma a zaune ma ta yi. Batun ramuwa ko ciyarwa, a samu Malam Liman.

Ɗan'uwanmu ya riga ya sayar da kayan rumfarsa, yanzu sau ɗaya yake iya zuwa a mako. Wanda jinya ta talauta, ko bashi ya yi masa katutu, yana cikin masu cin zakka da aka ambata a Suratut Tauba, aya ta 60. Bayan an idar da sallah, ma'aji zai zauna a ƙofar gabas da littafi. Ana kuma neman matasa uku da za su ba da jini, da mai mota da zai riƙa kai shi asibiti ranar Talata. Allah ya ba shi lafiya, da sauran marasa lafiyarmu. Amin.