Keke Ɗaya, Buƙata Uku: Mas'alar Tsaka-tsaki

Tun daga shekarar 1885, lokacin da John Kemp Starley ya fito da keke mai ƙafafu biyu masu kusan girma ɗaya da sarƙa a garin Coventry na Ingila, maƙeran wannan abin hawa ba su gushe ba suna rarraba shi gida-gida gwargwadon buƙatun mahaya, har aka sami keken tsere mai siririyar taya da lanƙwasasshen kai, wanda ba ya son komai sai kwalta, aka kuma sami keken duwatsu mai kaurin taya, wanda samarin Kalifoniya suka ƙago wajen shekarun 1970. Daga bisani maƙeran suka haɗa jinin waɗannan biyu, suka fitar da na uku, ruwa-biyu, mai miƙaƙƙen kai, matsakaiciyar taya, giya da yawa da wurin ɗaura kariya, da nufin mutum ya je aiki da shi, ya motsa jini da shi, ya kuma yi doguwar tafiya da shi. Irinsa na gwanjo yakan sauka a tashar jiragen ruwa ta Tema, ya hauro arewa, har a gan shi jingine a Bawku da Garu da Tempane kusa da tsohon keken Phoenix na ƙasar Sin wanda kowa ya sani.

Mas'alar da wannan keke ya tayar ta girme shi nesa ba kusa ba, ita ce: shin abin da ya tsaya a tsakiya, bai kai maƙura a kowane fanni ba amma ya wadatar a dukkansu, naƙasa ce gare shi ko kuwa kamala? Mai suka zai ce taura biyu ba ta taunuwa, balle uku, kuma yana da hujja, domin a kan kwalta keken tsere zai bar shi a baya, a cikin rairayin rani ko taɓon damina keken duwatsu zai fi shi riƙe ƙasa, ranar kasuwa kuwa, idan aka ɗaura buhun albasa ko na gero, sai ka ga wayoyin ƙafarsa ta baya suna tsinkewa ɗaya bayan ɗaya, alhali Phoenix, da nauyinsa da giyarsa guda, yana tafe da kayan ko gezau.

Sai dai hukama da malaman tarbiyya sun riga sun yi magana a kan wannan babi. Imam Gazali, a cikin Ihya'u Ulumiddin, ya bi tafarkin da Aristo ya share tun zamanin Yunanawa, ya nuna cewa kowace kyakkyawar ɗabi'a tana zaune ne tsakanin wuce iyaka da gazawa, kamar yadda kyauta take tsakanin almubazzaranci da rowa, jarunta kuma tsakanin ganganci da ragwanci. Kuma abin lura a cikin bayaninsu shi ne, wannan tsakiya ba a auna ta da igiya, da halin mutum da buƙatarsa ake auna ta. Saboda haka i'itidalin manomin albasa shi ne Phoenix ɗinsa, i'itidalin malamin makaranta ko ma'aikacin lafiya kuwa, wanda tun da aka yanke Tempane daga Garu ta zama gunduma mai zaman kanta a 2018 yake zirga-zirga tsakanin ofis da ƙauyukan bakin iyakar Togo, rabin hanya tsakuwa rabi turɓaya, shi ne wannan ruwa-biyu, wanda yake da sauƙin ɗauka a tsallake rafi da shi, ga giya mai laushi ta hawan tudu, ga sirdi da ke barin mahayi zaune a miƙe yana ganin ramin da ke gabansa.

Dangane da lafiyar jiki, Hukumar Lafiya ta Duniya tana shawartar baligi da ya yi aƙalla minti 150 na matsakaicin motsa jiki a mako, wanda a manyan birane sai an ware masa lokaci da kuɗi, amma mai zuwa aiki a keke ya cika shi ba tare da ya ƙirga ba. Shari'a kuwa ta tabbatar cewa jiki yana da hakki a kan mai shi, iyali ma suna da nasu, kamar yadda ya zo a ƙissar Salmanul Farisi da Abud Darda'i, Allah Ya yarda da su. To wanda ya taka feda da asuba don neman halal ya sauke hakkoki biyu da taki ɗaya, kuma wannan falala ce da mai babur, duk da saurinsa, bai samu ba.

Babin tafiya shi ya fi bayyana asirin al'amarin. Fataken Kano da suka yi ta zuwa Salaga sayen goro, ta Sansanne Mango da Yendi, suna shafe watanni da jakunansu ƙarƙashin madugu, har yaƙin basasar 1892 ya watsa kasuwar, malamai irin su Alhaji Umaru suka koma Kete-Krachi, ba su taɓa rarrabe fatauci da neman ilimi da sada zumunci ba, tafiya guda ce take ɗauke da su duka. Wanda ya ɗaura jakarsa da famfo da kayan faci a yau, ya tashi daga Tempane ya haura dutsen Nakpanduri, inda ko giya mafi laushi sai ta sa shi haki, ya gangara Gushegu ya nufi Yendi, ya wuce musafar ƙasaru, wadda Risala ta Ibn Abi Zaidin Ƙairawani ta ƙayyade da baridi huɗu, wato mil 48. Amma Muhtasar na Shehu Halilu ya gindaya sharaɗin kada tafiyar ta zama ta saɓo ko ta wasa tsantsa. Ke nan mahaya biyu za su iya bin hanya ɗaya a kan keke iri ɗaya, zufarsu ɗaya, wannan ƙasaru sunna ce a gare shi, wancan kuwa ba a so ya yi, kuma ba abin da ya raba su face niyya.

Daga nan za a gane cewa rabon da maƙera suka yi, na aiki da motsa jiki da yawon buɗe ido, rabo ne na kasuwa, domin mai sayarwa ya fi son mutum ɗaya ya sayi kekuna uku. Talakan da Allah Ya hore wa kuɗin keke guda bayan girbi ba shi da wannan zaɓi, kuma idan ya yi tadabburi zai ga bai yi hasarar komai ba, tun da yake kifaya ita ce samun abin da ya isar wa buƙata, ƙana'a kuwa ita ce sanin cewa ya isar. Wajibinsa kawai shi ne ya san hanyar da ya fi bi da kayan da ya fi ɗauka kafin ya miƙa kuɗinsa, domin wanda ya sayi keken malami alhali sana'arsa dakon albasa ce, shi ma ya yi israfi, ko da kuwa abin da ya saya sunansa matsakaici.