Saƙar da ba ta kasuwa ba

Akwai wata tambaya da ba ta barin mace mai riƙe da kwarashi ta sarara. Ko malamar lakkwal ce da ta fiddo zarenta lokacin hutun ƙarfe goma, ko ma'aikaciyar gidan likita mai kwanan gadi, ko uwargida da ta zauna bisa tabarma bayan la'asar, da wuya ta kai layi uku wani bai leƙo ya ce: "Hajiya, na saidawa ne? Nawa yake kawo miki?" In ta amsa cewa don kanta take yi, ko don jaririn maƙwabciya, sai mai tambaya ya yi irin murmushin wanda ya tarar da babba yana wasan ƙasa. Ba da mugun nufi ake yin tambayar ba, amma akwai hukunci a ƙarƙashinta: lokacin da bai zama kuɗi ba ya zube a banza. Wannan hukunci nake son mu duba tare, musamman mu malamai da ƴan ƙungiyoyin al'adu, domin mu ne muka fi kowa maimaita shi a cikin rahotanninmu.

Bari mu fara da ba mai tambaya haƙƙinsa. A ƙasar Hausa zare bai taɓa zama abin nishaɗi ba. Kakanninmu mata sun gurza auduga, sun shiɓe ta, sun kaɗa ta da mazari suna shafa alli a yatsa, ranar kasuwa kuma aka kai abawa aka karɓo kuɗi. Kuɗin nan nata ne, miji ba ya da iko da shi. Da shi take tara kayan ɗakin ɗiyarta, da shi take fita kunyar biki. Daga hannunta zare ke zuwa wurin masaƙi, daga masaƙi zuwa marina, daga marina zuwa bayan raƙumi. Lokacin da Bajamushe Heinrich Barth ya ratsa Tasawa ya isa Kano a 1851, abin da ya fi ba shi mamaki shi ne yadda tufar ƙasar ke kaiwa har Tumbutu da Tarabulus. Wanda ya gaji irin wannan tarihi, in ya ga zare a hannun mace ya tambayi farashi, ba za a ce ya yi baƙon abu ba. Harshenmu ma yana goyon bayansa. Muna da aiki, muna da sana'a, muna da wasa da hira da ɗebe kewa, amma ba mu da kalma guda ta abin da mutum ke yi da ƙwazo da ƙwarewa alhali ba ya neman abinci da shi. Karin magana kuwa ya riga ya yanke: da zaman banza gara aikin kishiya.

Kwarashi da tsinken saƙa baƙi ne a wurinmu. Sunan kwarashi kansa daga Faransanci ya fito, ma'anarsa ɗan ƙugiya. A Turai ma ba tsohon abu ba ne ƙwarai: a shekarun 1820 ne aka fara buga tsarin saƙarsa a wata mujallar mata ta ƙasar Holanda. Sa'ilin da yunwa ta faɗa wa Irlanda daga 1845, saƙar leshi da kwarashi ta zama abin da iyalai da yawa suka riƙe rai da shi. Ta hanyar ƴan mishan da lakkwal ta zamanin mulkin mallaka ya shigo mana, cikin darasin da ake kira koyon riƙon gida. Makarantar horon malamai mata ta Rufisque a Senegal, wadda aka buɗe a 1938, ta haɗa karatu da irin waɗannan ayyukan hannu. Bayan ƴancin kai cibiyoyin koyar da mata sana'a, waɗanda muka saba kira fwaye, suka ɗauki nauyin yaɗa shi a Yamai da Maraɗi da Damagaram da Tawa. Tun daga lokacin har yau dalili guda ake bayarwa in ana neman tallafi: mata za su samu abin shiga.

To, mu yi lissafi, tunda lissafi aka kira. Tun farkon 2024 mafi ƙarancin albashi a Nijar jika 42 ne a wata, watau wajen sefa 240 a kowace awa ta aiki. A ce kayan sanyin jariri, riga da hula da safa, sun ci wa mace awa 30. Ladan hannunta kaɗai ya haura jika 7, ba a sa kuɗin ulu ba. Wa zai biya wannan alhali ga tulin bosho a kasuwa, inda ake tsintar rigar sanyi da ɗan abin da bai kai kuɗin zaren ba? Gasar ta ƙare tun ba a haife mu ba. A 1589 wani Bature mai suna William Lee ya ƙera injin saƙar safa a kusa da Nottingham ta Ingila, kuma tun daga ranar hannu ke bin inji a baya. Gaskiya ne akwai masu samun wani abu: mai karɓar odar kayan suna, mai saƙa farar hular maza, mai yanka leda tana mai da ita jaka. Amma in aka raba ribar bisa awoyin da aka zauna, yawanci mai tuyar ƙosai a bakin hanya ta fi su. Ƙungiyar da ke yi wa ƴan mata alkawarin dogaro da kai da kwarashi kawai, ya kamata ta yi wannan lissafi kafin ta yi alkawarin.

Akwai wani abu da ya dace mai saye ya sani. Saƙar tsinke inji yana yin ta, amma saƙar kwarashi ta ainihi har yanzu ba ta da injin da ke fitar da ita a masana'anta. Abin da injuna ke yi kwaikwayo ne. Saboda haka in ka ga jaka ko riga ta kwarashi na gaske an zube ta da araha, ka tabbata akwai wata mace, a wata ƙasa ko a bayan gidanka, da ta ba da ranakunta a kan kuɗin da ba za ka yarda a biya ɗiyarka ba.

In kasuwa ce ma'auni, ke nan, mai kwarashi ta faɗi. Saura mu tambaya ko kasuwa ce kaɗai ma'auni. Malamai za su ji daɗin tuna asalin kalmar da muke ci da ita. Lakkwal daga école ta fito, ita kuma daga kalmar Girkanci skole, wadda ma'anarta ta farko ita ce lokacin da mutum ya kuɓuta daga neman abinci. A ganin Aristot, ana wahalar aiki ne domin a samu irin wannan lokaci, kuma a cikinsa ne mutum ke yin abubuwan da darajarsu ke cikin yin su. Mun juyar da zancen: yanzu sai hutu ya kawo hujjar cewa yana taimakon aiki kafin a ba shi izini.

Kuma ba kowa ake nema wa hujjar ba. Ku ratsa kowace unguwa bayan magariba, za ku iske fada a ƙofar gida, butar shayi bisa gawayi, ana jiran na ɗaya da na biyu da na uku, ana karta ko dara, ana gardamar wanda zai ɗauki takobi a kokowar bana. Awa uku, awa huɗu. Ban taɓa jin an tsaya kan ƴan fada an ce musu nawa yake kawo muku ba, kuma ba na son a fara. Zaman nan yana da amfaninsa. Abin lura shi ne namiji yana da lokacin da kowa ya yarda nasa ne, ita kuwa mace sai ta ɓoye nata a bayan wani amfani. Wannan ya sa mata da yawa, in aka matsa musu, sukan ce "ai ina ɗan saidawa", ko da rabonsu da sai da wani abu an shekara.

Hannah Arendt, a littafinta na 1958 kan halin zaman ɗan Adam, ta raba wahalar da jiki ke yi domin rayuwa ta ci gaba da aikin da ke barin wani abu a duniya. Duk wanda ya san tsakar gida ya san wannan bambanci ba tare da ya karanta ta ba. Daka, ɗebo ruwa, shara, wanki, tuwo: kowanne ana gama shi ne domin a sake shi gobe. Tuwon da ya ci awa biyu, cikin minti goma an sauke kwano. Mace tana iya shekara arba'in tana wannan hidima ba ta da abu guda da za ta nuna ta ce ga shi, ni na yi. Shimfiɗar tebur da ta saƙa kuwa tana nan bayan shekara goma, da kalar da ita ta zaɓa, da kuskuren nan na kusurwa wanda ita kaɗai ta san wurinsa. Ina ganin a nan ne daɗin abin yake, kuma wanda ya ce mata ta saya a kasuwa ya fi sauƙi bai fahimci abin da take nema ba.

Sa'an nan akwai abin da saƙa ke yi wa tunani. Bahaushe ya daɗe da ganin dangantakar, shi ya sa yake cewa mutum yana saƙa da warwara in yana juya magana a zuci, mai ƙulla sharri kuma yana saƙa da mugun zare. Mai kwarashi tana ƙirga, tana riƙe tsari a ka, tana ƙara zarge a nan ta rage a can domin hula ta zagaye kai. In ta gano ta yi kuskure layi shida a baya, ba wanda za ta ɗora wa laifi, ba kuma hanyar rufewa: sai ta ja zare ta warware aikin yamma guda ta sake. Ƙalilan ne daga darussan da muke bayarwa a aji ke koya wa yaro karɓar kuskurensa cikin natsuwa haka. A 1997 wata malamar lissafi ƴar ƙasar Letoniya, Daina Taimina, da ke koyarwa a jami'ar Cornell ta Amurka, ta ɗauki kwarashi ta saƙa siffar wani irin fili mai lanƙwasa da masana lissafi suka san shi tun ƙarni na 19 amma suka rasa samfurinsa mai ƙwari da ɗalibi zai riƙe a hannu. Dabarar kuwa kowace mai saƙa ta san ta: ƙara zarge ɗaya bayan kowane adadi ƙayyadadde, layi bayan layi, har bakin saƙar ya yi ta tattarewa kamar ganyen salati. Ba na kawo wannan domin in ce saƙa ta halatta tunda ta yi wa lissafi amfani. Da na yi haka, da na koma ga mai tambayar farashi ta wata ƙofa. Na kawo shi ne saboda malaman da har yanzu ke tura ƴan mata kusurwa da zare lokacin da maza ke wurin allo, kamar saƙa aikin marasa kai ce. Ba kuma dalilin hana yara maza: masaƙanmu na dauri maza ne, masu aikin babbar riga ma haka.

Wannan ya kawo mu ga inda zancen ke da ƙaya. Zare yana iya zama ƴanci, yana iya zama dabaibayi. An sha ba yarinya kwarashi domin ta zauna wuri guda, ta yi shiru, ta jira miji. An sha cire ta daga aji a kai ta fwaye a ce ai ta samu madadi. Saƙar da aka ɗora wa mutum domin a toshe masa wata hanya ba ita nake karewa ba. Bambancin yana ga wanda ya zaɓa. Malamar da ta gama gyaran takardun ɗalibai ta ɗauko zarenta da son ranta, da yarinya mai shekara goma sha uku da aka ce wannan ya ishe ta ilimi, hannuwansu motsi ɗaya suke yi, amma ba abu ɗaya ke faruwa da su ba.

Ƙaya ta biyu ta fi tsini, domin mu take soka. Skolen da Aristot ke yabo bisa wuyan bayi da mata aka gina ta. Wani ne ke niƙa domin wani ya yi tunani. Namu hutun fa? Ma'aikaciyar da ke samun awa biyu na saƙa da yamma a Yamai ko Maraɗi, sau da yawa tana samunsu ne domin akwai ƴar aiki da aka ɗauko daga ƙauye tana wanke-wanke a bayan ɗaki. Matar karkara da ke tashi da asuba ta nufi rijiya, ta dawo ta shiga daka, ta fita neman itace, ba ta da yammar da za a yi gardama a kanta. Duk wanda ya ce mace tana da haƙƙin lokacin da ba ta bin kowa bayaninsa, to ya faɗa har da waɗannan biyun, in ba haka ba gatan ƴan albashi kawai yake karewa da sunan falsafa. Famfo a ƙauye da injin niƙa suna cikin wannan magana fiye da yadda ake zato, domin su ne ke mai da wa mace awoyin da za ta iya cewa nata ne. Abin takaici, da zarar an samar da su sai a zo da wani shiri a cike awoyin da sabuwar sana'a, kamar ana tsoron abin da za ta yi in an bar ta.

Ƙungiyoyinmu suna iya gwada wani abu da ba ya bukatar tallafin kowa. A ware yamma guda a mako a fwaye ko a harabar lakkwal wadda ba a buɗe littafin ciniki a cikinta, ba a ƙirga abin da aka ƙera, ba a ɗaukar hoto domin rahoto. Mai son saƙa hular da za ta kai barkar haihuwa kafin sanyin Disamba ta saƙa, mai son ta warware abin da ta yi makon jiya ta warware. Kuma kowace mamba da ke da ƴar aiki a gida ta zo da ita, a ba ta nata kwarashi da nata ƙwallon ulu, a bar ta ta zaɓi kalar.