Fatawa: Hukuncin Dukiyar Fim Bayan An Bar Harkar

Tambaya: Malam, ni mace ce mazauniyar Ƙofar Nassarawa a Kano. Na daɗe ina fitowa a finafinan Hausa, har da na rawa da waƙa. Yanzu na bari, ina saro atamfa a Kantin Kwari ina sayarwa a gida. Gidan da jarin duk da kuɗin fim na same su, wani kuma ya ce tubana ba zai karɓu ba sai na rabu da su. Ga tsofaffin finafinaina har yau ana kallo a YouTube. Ina mafita?

Amsa: Bayan godiya ga Allah da salati ga Manzo (SAW), 'yar'uwa, Allah Ya tabbatar da dugaduganki.

Wanda ya faɗa miki haka ya tsananta. Sharuɗɗan tuba sanannu ne: nadama, dainawa, ƙudurin ba za a koma ba, da mayar da haƙƙin mutane in akwai shi. Talauta kai ba ya cikinsu.

Kuɗin naki ba iri ɗaya ba ne. Fitowa a matsayin uwa ko matar gida, cikin sutura, malaman zamani sun yi saɓani a kanta. Ko da aka ƙaddamar da Shari'a a Kano a 2000, abin da ya biyo baya shi ne kafa Hukumar Tace Finafinai a 2001 don a sa wa sana'ar linzami, kodayake hatimin hukuma ba ya halatta abin da Allah Ya haramta. Waƙa ma Risala ta Ibn Abi Zaid ta hana sauraronta da gangan, alhali Ibn Hazm ya sassauta. Amma rawar mace da namijin da ba muharraminta ba, cikin ɗamammun kaya, ba wurin saɓani ba ce. Ladanta haram ne.

Irin wannan lada ba a mayar wa furodusa, tunda ya riga ya ci moriyar abin da ya biya. Sadaka ake yi da shi. Sai dai Ibn Taimiyya ya yi fatawa cewa mai tuba mabuƙaci yana iya riƙe abin da zai yi jari da shi ya ci halal, kuma a kan wannan nake ba ki amsa. Na ga waɗanda aka tsorata suka watsar da komai, yunwa ta mayar da su inda suka baro. Ki zauna a gidanki, ki ci gaba da kasuwancinki. Ki ƙiyasta kason da ya fito daga rawar bisa rinjayen zato, ki riƙa fitar da shi sannu a hankali ga marayu da marasa lafiya gwargwadon iko.

Finafinan kuwa, abin da ke shafinki ki goge shi yau. Na hannun wasu, ki roƙe su su sauke wuraren rawar. In sun ƙi, nauyin yana wuyansu, domin Allah ba Ya ɗora wa rai abin da ya fi ƙarfinsa.

Ku kuma maƙwabta masu yi mata gori da "'yar fim", da yawanku ku ne 'yan kallon jiya. Gori ga wanda ya tuba haramun ne, aurenta kuma halal ne ga duk mai so.

Allah ne Mafi sani.