Wa Ya Dawo Daga Asibiti?

A ƙasar Riruwai, inda tsofaffin ramukan kuza ke nan birjik, kuma babur ya zama jakin kowa daga Doguwa har Tudun Wada, ba baƙon abu ba ne a ji wane ya faɗi da ka an yi Kano da shi. In ya yi kwanaki a sume sannan ya farfaɗo, sai mu yi ta barka da arziki. Abin da ba mu cika tambaya ba shi ne, shin wanda aka tafi da shi, shi ne ya dawo?

Ga shi nan garau, yana gane kowa, yana tuna wasan yarintarsa. Amma a aike shi sayen abu uku, ya dawo da ɗaya. Ya karɓi bashi da safe, da yamma ya rantse bai karɓa ba, kuma a zuciyarsa ba ƙarya yake yi ba. Mutumin da aka sani da kunya ya koma zagin surukinsa a bainar jama'a. Likitoci sun bayyana cewa sashen ƙwaƙwalwa da ke bayan goshi shi ne ke tsara aiki da danne fushi, kuma yana cikin wuraren da suka fi jin jiki idan kai ya bugu. A 1848 wani ƙarfe ya huda kan Phineas Gage, ma'aikacin shimfiɗa layin dogo a Amurka. Ya rayu har 1860, sai dai likitansa John Harlow ya rubuta cewa abokansa sun daina ganin mutumin da suka sani.

To, wa za mu kama da laifi? Malamanmu sun ce hukunci yana rataye da hankali, shi ya sa sakin mahaukaci ba ya aukuwa. Amma wannan bawan Allah ba mahaukaci ba ne, ba kuma cikakken mai lafiya ba. In muka ce komai nasa ba laifi, mun mayar da magidanci yaro, mun hana shi ciniki da shawara a gidansa. In muka hukunta shi kamar da, mun doki gurgu don bai yi gudu ba. A ganinmu sai an bi abin ɗaya bayan ɗaya: mantuwar bashi a ɗora wa rauni, a riƙa rubuta masa a takarda, amma dukan mata a hana shi, ko me ya jawo. Ita kuwa matar, da kowa ke ce wa ta yi haƙuri, ba mu taɓa jin an je mata jajen mijin da ta rasa yana zaune a zaure ba.

Mu marubuta ma da namu. A littattafanmu jarumi kan yi hatsari ya manta sunansa, ya sake buguwa a babi na ƙarshe komai ya dawo. Gage dai sauƙinsa a hankali ya zo, har ya yi shekaru yana tuƙin keken doki a ƙasar Chile, aikin da kullum hanyarsa ɗaya ce.