Da Wane Ma'auni A Ke Auna Mai Neman Shugabanci?

Duk sa'ad da zaɓen shugaban ƙasa ya gabato, akan sami mutumin da jama'a ke yi wa dariya a majalisa, watau wanda ba ya ce ga ɗan takarar da zai ba ƙuri'arsa ba. Wadansu su ce matsoraci ne, wadansu su ce jira ya ke a zo a saye shi. Amma in an duba da kyau, sau da yawa shi kaɗai ne a wurin ya ɗauki ƙuri'a da nauyinta, domin ya ƙi yarda ya yi cinikin biri a sama. Abin da ke damunsa tambaya guda ce: da za a ba mutum amanar ƙasa shekara huɗu, ayyukan da ya yi a baya za a duba, ko kuwa halinsa?

Bari mu ɗauki misali daga zaɓen da aka yi a Nijeriya ran 11 ga Agusta, 1979, lokacin da soja su ka yi niyyar mayar da mulki ga farar hula. Mutum biyar su ka fito: Alhaji Shehu Shagari, da Cif Obafemi Awolowo, da Dokta Nnamdi Azikiwe, da Malam Aminu Kano, da Alhaji Waziri Ibrahim. Wanda ya ce aiki zai duba, lalle idonsa ya tsaya a kan Awolowo. Shi ne ya kawo ilmin firamare kyauta a Jihar Yamma a 1955, shi ne kuma ya riƙe baitulmalin Tarayya a shekarun yaƙin basasa. Wanda ya ce hali zai duba kuwa, yana da Malam Aminu, wanda bai taɓa mulkin wata jiha ba, amma kowa ya shaida bai tara abin duniya ba, bai kuwa daina faɗa wa masu iko gaskiya ba tun kafa NEPU a 1950. Yana kuma da Shagari, tsohon malamin makaranta, wanda ya yi minista a zamanin Abubakar Tafawa Ɓalewa, ya gaji Awolowo a ma'aikatar kuɗi a 1971, aka san shi da haƙuri da tawali'u.

Shagari ne ya ci. Abin da ya biyo baya shi ne wurin darasi. Kuɗin man fetur ya faɗi, aka shiga tsuke bakin aljihu a 1982, jama'a su ka yi ta kuka da yadda wadansu manyan jam'iyya ke azurta kansu da kwangila da takardun izinin shigo da kaya. Ran 31 ga Disamba, 1983, soja su ka sake karɓe mulki. Aka tsare Shagari, aka bincike shi, ba a same shi da cin dukiyar jama'a ba, aka sake shi a 1986. Watau waɗanda su ka zaɓe shi don tsarkin hannunsa ba su yi kuskure game da hannun ba. Abin da ba su auna ba shi ne ko zai iya tsawata wa na kusa da shi. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Daga nan za mu gane cewa halin da a ke nema ga shugaba ya fi halin da a ke nema ga maƙwabci faɗi. Maƙwabci in bai yi sata ba, bai yi ƙarya ba, ya isa. Shugaba kuwa sai an ƙara tambaya: su wane ne ke shiga wurinsa da dare? Ya taɓa korar amininsa don ya ci amana? In an faɗa masa abin da ba ya so, yakan saurara, ko yakan ɗauki mai faɗar maƙiyi? Kirkin da ya kasa cewa a'a ga aboki, talaka ne ke biyan kuɗinsa.

Amma fa kada mai karatu ya zaci aiki kaɗai ya isa shaida. Aiki ɗan zamaninsa ne. Hanyar da gwamna ya shimfiɗa a shekarar da baitulmali ke cike ba ta nuna abin da zai yi a shekarar da babu. Kuma wanda ya iya da jiha guda, inda yawancin mutane harshensu ɗaya, ba lalle ne ya iya da ƙasa mai harsuna ɗaruruwa ba. Saboda haka mai hankali ba ya ƙidaya gine-gine ya tsaya nan. Yakan tambayi nawa aka kashe, wa aka ba kwangilar, wa aka zalunta kafin a gama. A cikin amsar waɗannan ne hali ke ɓoye, gama hali zanen dutse ne, yana nan a jikin kowane aiki ga mai son karantawa.

Akwai kuma jarrabawa guda da ta fi sauran wuya, ita ce yadda mutum ke yi ranar da iko ya kuɓuce masa. A ƙarshen Maris na 2015, Goodluck Jonathan, yana kan kujera, ya buga wa Muhammadu Buhari waya ya amince an kayar da shi tun ba a gama sanar da sakamako ba. Ko wanda bai yaba mulkinsa ba ya san wannan waya ta kashe wutar da a ke tsoro. Mai ƙuri'a yana iya hango irin wannan tun da wuri, in ya binciki yadda ɗan takara ya yi sa'ad da ya faɗi zaɓen cikin jam'iyya, ko kotu ta yanke hukuncin da bai yi masa daɗi ba.

To, wanda ke wasiwasi kada ya ji kunyar wasiwasinsa, amma kada ya mai da shi wurin kwana. Ba zai sami ɗan takara marar aibu ba, domin ba mala'iku a ke zaɓa ba. Ya auna aibun da ƙasa za ta iya ɗauka da wanda zai karya ta, sa'an nan ran zaɓe ya fita ya jefa ƙuri'arsa. In ya zauna a gida, waɗanda ba su yi tunanin kome ba su za su zaɓa masa, shi da 'ya'yansa.