Naɗe Layi da Ɓoye Layi: Ina Amana Take a Jadawalin Lissafi?

Manhajar Excel, wadda kamfanin Microsoft ya fitar a 1985, tana ba mai lissafi damar tattara layuka masu yawa, na kwance ko na tsaye, ya naɗe su kamar tabarma. Idan an naɗe, jimilla kaɗai ke fitowa, sai alamar tarawa a gefe. Da an danna ta, layukan su baje. Ana iya yin naɗi cikin naɗi har hawa 8. Ma'ajin ƙungiyar 'yan hatsi a kasuwar Gujungu, cikin ƙaramar hukumar Taura, zai iya cusa cinikin kowace ranar kasuwa ƙarƙashin watansa, lissafin shekara guda ya zauna a layi 12.

Cire naɗin ba wuya. A sashen Data akwai umarnin Clear Outline, mai kwashe naɗin duka a tashi ɗaya, kuma ba ya goge ko sisi. Sai dai akwai tarko. Idan aka cire naɗin alhali layukan suna naɗe, alamar tarawar ce ke tafiya, su kuwa layukan su ci gaba da zama a ɓoye. Abin da ya rage na shaida shi ne lambobin gefe: daga 14 sai ido ya faɗa kan 63. Layi 48 na nan, kuɗinsu na cikin jimilla, amma babu abin da ke gaya wa mai karatu ya tona.

A nan tambayar take. Ma'ajin da ya miƙa wa 'yan ƙungiya irin wannan jadawali bai rubuta ƙarya ba, jimillarsa daidai take. Shin ya sauke amana?

Musulunci bai ɗauki duk ɓoyewa a matsayin laifi ba. A cikin Suratul Baƙara, aya ta 271 ta yaba wa sadakar da aka kai wa talaka a asirce, aya ta 282 kuma, wadda ta fi kowace aya tsawo a Alƙur'ani, ta yi umarni da rubuta bashi da kafa shaidu, ta kuma ja kunnen wanda ake bi kada ya tauye komai. Sura ɗaya, hukunci biyu, kuma ba su ci karo ba. Asirce sadaka rufin asiri ne ga mai karɓa. Bashi kuwa haƙƙin wani ne, mai haƙƙi ba a rufe masa ido. Don haka kwamitin masallacin da ya naɗe sunayen waɗanda aka raba wa zakkar gero ya kare mutuncin maƙwabta, amma wanda ya naɗe kuɗin mota da na lebura don kada a tambaya ya kare kansa ne kawai.

Muslim ya ruwaito cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya sa hannu cikin tsibin abinci a kasuwa ya ji danshi a ƙasa, ya tuhumi mai kayan kan rashin ɗora jiƙaƙƙen a sama inda mutane za su gani. Ruwan sama ne ya jiƙa kayan, ba a zargi ɗan kasuwar da wannan ba. Abin zargin shi ne inda ya ajiye jiƙaƙƙen. Duk wanda ya taɓa zura hannu cikin buhun ridi a Gujungu ya san dalili. Alamar tarawa ita ce bakin buhun da aka bari a buɗe. Cire ta a bar layuka a rufe ɗinke buhu ne, wannan kuwa shi ake kira algus idan da gangan aka yi.

Sau da yawa ba da gangan ba ne. Magatakardan ƙungiya ya so jadawalinsa ya yi tsaf kafin ya miƙa shi, ya kwashe alamomin bai san abin da ya bari ba. Niyyarsa ta wanke shi daga zunubi, amma haƙƙin 'yan ƙungiya na ganin lissafinsu yana nan, kuma gyara ya hau kansa da zarar ya gane. Zai zaɓi layukan da ke sama da ƙasan giɓin, ya danna Unhide, ɓoyayyun su fito. Wanda bai riga ya cire ba kuwa, sai ya fara danna lambar hawa mafi girma a kusurwar hagu ta sama, komai ya baje, sannan ya kwashe naɗin.